Langar Tuwo da Jaridun Mutanen Da

Ni ba mai fita ba ce. Duk shekarun da na yi a Lanham ta jihar Maryland, in aka ce in zana garin, abin da zan iya zanawa shi ne kicin ɗina, da tagar da ke kallon wurin ajiye motoci, da matakalar benen da ke tsakanin ƙofarmu da ƙofar maƙwabcinmu Alhaji. Sauran Amurka kuwa a bakin Malam na ji ta, maigidana ke nan, Allah ya jiƙansa. Shi ne mai yawo, ni ce mai saurare, kuma wallahi ban taɓa jin an cuce ni a wannan rabo ba. Bokona bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ba, amma abin da ya shiga kunnena ba ya fita.

Karatun tarihi ne ya kawo Malam ƙasar nan. Da muka zo ni da yara sai karatun ya tsaya, ya kama tuƙin tasi a cikin Washington. To amma zuciyarsa ba ta taɓa barin karatun ba. Ranar da ba ya aiki, maimakon ya kwanta ya miƙe ƙafa kamar kowane direba, sai ya sa hularsa ya tafi babban ɗakin karatu na cikin birni. Ya ce a can akwai wata na'ura da ake zura fim a ciki, a riƙa murɗawa, tsofaffin jaridu suna wucewa a gaban mutum. Jaridun lokacin da ƙasar nan take hannun Sarkin Ingila ne, kafin su yi masa bore. Ni da na ɗauka Amurka tun fil azal ita ke mulkar mutane, sai ga shi ita ma an taɓa mulkarta. Ranar da ya fara gaya mini haka sai da na ajiye muciya na yi dariya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a jaridun shi ne faɗan lamba. Agana ce take shigowa garuruwansu na bakin teku ta jirgin ruwa, ta kwashe mutane. Sai wani babban mai wa'azinsu ya ji daga bakin bawansa, baƙar fata irinmu, cewa a ƙasarsu ana tsaga fatar mai lafiya a shafa masa ɗan ruwan ƙurjin mai ciwo, ya yi 'yar jinya kaɗan, shi ke nan agana ba ta ƙara kama shi. Mai wa'azi ya ce a yi. Wani likita mai takardar shaida ya ce kisan kai ne. Daga nan sai jarida. Wannan ya rubuta, wancan ya mayar, kowa ya ɓoye sunansa ya laƙa wa kansa wani, alhali garin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Har aka jefa wa mai wa'azin abin fashewa ta taga. Malam ya ce da aka matso kusa da boren, faɗan ya sake tashi, a nan kusa da mu Virginia ma an yi, aka fasa gidajen masu yin lamba. Amma lokacin maganar ta riga ta cakuɗe, ba a tambayar ko lamba tana magani, sai dai a tambayi wane ne ɗan Sarki, wane ne ɗan ƙasa.

Yakan dawo da kwafin shafukan, baƙi-baƙi, duk ɗigo-ɗigo, ya zauna a kan kujerar kicin yana fassara mini ina yanka albasa. Na ce, "Malam, su waɗannan mutanen ba su da aikin yi ne?" Ya ce, "Aikin ke nan. Kin ga wannan? Shafi guda ya cika, bai taɓa maganar ciwo ba, asalin abokin faɗansa kawai yake tonawa." Na tuna ya taɓa ce mini duk tsawon karatunsa bai ga mutum ɗaya da zagi ya sa ya miƙa dantsensa aka yi masa lamba ba. Shi ya faɗa da bakinsa, ina tsaye.

Alhaji kuwa a ƙasanmu yake, mu muna sama. Ɗan kasuwa ne, yana da ɗan shago na kayan gida, su garin rogo, manja, busasshen kifi, yadi. Mutumin Zariya ne, mu Kanawa. To duk wanda ya san gida ya san abin da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi, wasa ne tun kaka da kakanni, ba a fushi. Ba su taɓa gaisawa da suna ba. Alhaji zai ɗago kai daga ƙasan matakala ya ce, "Ɗan kabewa, an tashi?" Malam ya ce, "Bawana, ka share ƙofar ubangidanka kuwa?"

Shekarar da muka fara ganin watan Oktoba a nan, Turawa suka jera kabewa a bakin ƙofofinsu, wasu har da yanka mata ido da baki. Alhaji ya hau sama yana haki don dariya, ya ce, "Yanzu na gane abin da ya kawo ka ƙasar nan. Ashe Kanawa ne! Ka ga har sun yi mata fuska don su ji daɗin gaishe ta." Tun daga nan duk shekara sai mun buɗe ƙofa mun tarar da ƙatuwar kabewa a zaune. Ni kuwa ba na wasa da ita, in fere in yi miyar taushe, in aika masa, ya cinye tas yana cewa bai san yadda mutane suke cin wannan abu ba.

Lokacin iyalinsa ba su iso ba, don haka a wurinmu yake ci. Ina da wata langa cikin kayan aurena, kwanon nan mai fenti da murfi, fara mai jan fure, gefenta ya ɗan goge. Kullum da yamma ita ke sauka ƙasa da abincinsa. Ran Lahadi kuwa shi ke hawowa bayan azahar, in shimfiɗa musu leda a falo, su zauna a ƙasa su biyu, langa a tsakiya. Kowa yana cin gabansa, kamar yadda aka koya mana, har sai ɗan bangon tuwon da ke tsakaninsu ya rushe. Nan ma sai an yi faɗa a kan wanda ya rushe shi.

Da Hajiya matarsa ta iso, sai langar ta daina hawowa wayam. A wurinmu ba a mayar da kwano babu komai. In na aika da tuwo, ta dawo da ɗan wake ko dambu, in babu ko 'yan dabino ne sai an jefa a ciki. Hajiya ta zama mini duk abin da na baro a gida. Ita ke mini kitso, ni ke mata lalle. In maza sun fita, yara sun tafi makaranta, sai mu bar ƙofofinmu a buɗe muna hira ta matakala, ita a ƙasa tana tsintar shinkafa, ni a sama ina guga. Tana ce mini Yaya.

Abu ɗaya ta baro, 'yarta ta fari, ba a daɗe da yaye ta ba. Takardun yarinyar ba su fito ba, kakarta ta wajen uba ta riƙe ta a Zariya. Da yake 'yar fari ce, Hajiya ba ta kiran sunanta, ba ta nuna ɗoki a gaban mutane, sai dai ta ce "yarinyar nan". Amma na san hotonta yana cikin aljihun jakarta, don na sha ganin ta buɗe jakar ba ta ɗauki komai ba.

A wajen cin abincin Lahadi Malam yake kawo labaran jaridunsa. Alhaji ya ce, "Kai dai ba ka da aiki. Mutane sun mutu, ƙasusuwansu sun ruɓe, kana raba musu faɗa." Amma yana jin daɗin labarin, musamman na bawan nan. Ya ce, "Ka bincika da kyau, Bazazzagi ne. Da Bakano ne sayar musu zai yi." Har ya naɗe hannun riga ya nuna tasa lambar, ta lokacin da aka bi gari-gari ana yi mana muna yara. Ni ma ina da ita.

Sai maganar ɗigo ta taso daga gida. Maganin shan inna da ake bi gida-gida ana ɗiga wa yara a baki, aka ce an sa masa abin hana haihuwa. Ta waya maganar ta fara zuwa, sannan a kaset, duk wanda ya dawo daga gida sai ya zo da nasa. Alhaji ya yarda. Kuma kada a ɗauka wawa ne, mutum ne mai lura. Cewa yake, "Zazzaɓi yana kashe mana yara, ba wanda ya biyo mu gida da magani. Asibiti ba allura, ba ruwa. Sai wannan kaɗai ake bin mu da shi har ɗaka, kyauta? Ɗan kabewa, kai da ka san kasuwa, yaushe aka fara kyauta irin wannan?" Malam ya ce tambayar tana da kyau, amma amsar ba ita ce a bar yara ba. Suka yi ta yi, Lahadi bayan Lahadi, da hannu a kwano ɗaya. A lokacin faɗan bai fi ƙarfin loma ba.

Da kunnena na ji ranar da Alhaji ya buga waya Zariya, don ƙofarsa a buɗe take, shi kuma in yana waya da gida ɗaga murya yake kamar ba waya a hannunsa. Ya ce wa ƙaninsa in masu ɗigo sun zo a rufe ƙofa, kada a kuskura a ba 'yarsa. Hajiya tana zaune a bakin matakala da tirenta. Hannunta dai ya tsaya a cikin shinkafar.

Bayan damina aka bugo. Zazzaɓi ya kama yarinyar, ya sauka, ta tashi za ta taka ƙafa ta ƙi. Tsohuwa kakarta ta ce aljana Inna ce ta sha ta, aka yi turare, aka yi rubutu, daga baya aka kai asibiti, likita ya faɗi abin da yake.

Lahadin da ta biyo Alhaji ya hawo kamar kullum. Na ajiye musu langa na koma kicin. Na ji shiru, ba ɗan kabewa, ba bawana. Can sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba, babban mutum yana kuka yana danne shi. Ya ce, "Malam." Ranar ce na fara jin ya kira shi haka. "An ce da jan gindi take zuwa ƙofar ɗakin tsohuwa ta gaishe ta da safe. Ni na buga waya. Ni na ce a rufe ƙofa." Malam ya yi ta ba shi haƙuri, yana cewa ƙaddara ce, Allah ya san nufinsa na kare ta ne. Alhaji ya ce maganar ta tsaya a nan, mutanen masallaci ba su sani ba, ba ya so a riƙa nuna shi. Malam ya ce ta tsaya. Tuwon ranar da ƙyar suka taɓa shi.

Na ɗauka shi ke nan Alhaji zai sauko. Sai ya ƙara hawa. A lokacin abin ya ba ni haushi, yanzu da na tsufa na gane. In ya yarda ɗigon lafiya ne, to da hannunsa ya karya 'yarsa, kuma wane uba ne zai iya kwana da wannan? Sai ya koma cewa ai ciwon ma su suka kawo shi.

Ƙungiyarmu ta Hausawan yankin tana da wata 'yar takarda da ake rabawa bayan sallar Juma'a, shafi kaɗan, kwafi ake yi. Wani bawan Allah mutumin Kumasi ke haɗa ta. Da ba abin da ke ciki sai wa ta haihu, wa ya rasu, wa zai tafi gida yana da sauran wuri a akwati. Wata Juma'a sai ga dogon rubutu a kan ɗigo, an sa hannu da Mai Gargaɗi. Malam yana karanta mini, bai kai rabi ba na ce, "Alhaji ne." Ya ce ta yaya na sani. Na ce wa ke cewa "jama'a a yi hattara fa" sau uku kafin ya shiga magana in ba shi ba?

Malam ya mayar, ya sa hannu da Mai Lamba a Dantse. Rubutu ne mai daɗi, ya kawo labarin mutanen da, da bawan nan, da yadda tsoro ya sa aka fasa gidaje, ya ce abin da kakanninmu suka koya wa Turawa kada mu zo muna gudunsa. Mai Gargaɗi ya mayar. Mai Lamba ya mayar. Takardar da a da ake naɗe goro da ita ta zama ana wawaso, har daga Springfield da Annandale ake aiko a ajiye wa mutum tasa. Mutumin Kumasi ya ƙara shafi, bakinsa har kunne. Duk wannan fa ran Lahadi suna zaune a falona suna cin tuwo, Alhaji yana cewa, "Ka ga abin da wani jahili ya rubuta makon nan?" Malam yana cewa, "Na gani, da ganin rubutun ka san bawa ne." Su yi dariya. Amma ni da ke kicin na ji dariyar ta fara gajarta.

Sai Mai Gargaɗi ya rubuta cewa masu kare ɗigo yaran Turawa ne, an ba su ragowar karatu sun kasa ƙarasawa, sun ɓuge da ɗaukar wa Turawan jaka daga filin jirgi. Malam ya karanta mini wannan da murya daidai, ya ninke takardar, ya ninke, ya sake ninkewa har ta ƙi ninkuwa. Karatun nan da bai ƙarasa ba shi ne ciwon da yake ɓoyewa, kuma Alhaji ya sani, don a kan langar nan ya gaya masa. A makon kuma wani matashi ya tare shi a masallaci ya ce ya karanta Mai Gargaɗi, ya buga wa matarsa a gida ya ce kada a ba 'ya'yansa.

Makon nan Malam ya yi rubutunsa bai karanta mini ba. Tunda muke bai taɓa yin haka ba. Ran Juma'a ya shigo ya ajiye takardar a kan firji, ya ce zai koma aiki. Na ɗauko na zauna, na bi da yatsa, a hankali, yadda na iya. Yawancinsa hujja ce mai kyau. Sai a ƙarshe ya ce, kafin wani Bazazzagi ya ƙara yi mana gargaɗi, ya fara tambayar gidansu wace ce take jan gindi zuwa ƙofar tsohuwa da safe, kuma wa ya ce a rufe ƙofa.

Na karanta, na sake karantawa ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Da ya dawo na ce, "Malam, me ka yi?" Ya ƙi kallona. Ya ce, "Bazazzagi ne fa. Abokin wasana ne. Mun faɗa wa juna abin da ya fi wannan." Na ce, "A falo." Ya ce shi ma ai ya taɓa shi inda yake ciwo, kuma yara ne a gida ake hana wa ɗigo, dole wani ya tsayar da shi. Duk gaskiya ne. Amma muryarsa ba ta yarda da bakinsa ba. Ina jin tun yana rubutawa ya jingina da wasan nan na gado, yana ganin komai zafin magana Bazazzagi ba shi da ikon yin fushi da Bakano.

Da yamma na zuba tuwo na sauka da kaina. Ƙofar a rufe. Na ƙwanƙwasa, Hajiya ta buɗe kaɗan, idonta ya kumbura. Ta karɓa ta mayar da ƙofa. Da safe na tarar da langar a bakin ƙofarmu, an wanke ta fes, an goge, an rufe. Na ɗaga murfin. Ko ƙwayar dabino babu.

Na sake aikawa. Ta dawo da tuwon a ciki, ya huce, ba a taɓa ba. Bayan kwanaki Hajiya ta tare ni a ɗakin wanki na ƙasa, injuna suna ta juyi, ta ce, "Yaya, don Allah ki daina. Ni ce nake hawo da langar, ƙafata ba ta so." Sannan ta ce, "Matan nan duk sun bugo mini jaje. Jajen yarinyar nan. Na ce musu na gode." Ita da ko sunan 'yar ba ta iya faɗa, aka sa ta amsa jajenta a bakin duk Maryland da Virginia. Muka tsaya muna kuka a tsakanin kwandunan kaya.

Malam ya je ya ba da haƙuri, ba sau ɗaya ba. Ya tura liman, ya tura dattawa. Ran Sallah a filin idi ya kama hannun Alhaji a gaban mutane ya ce ya yafe masa. Alhaji ya ce, "Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Kuma bai yi gaba ba, don mutum ne mai tsoron Allah, ya san ba a ƙaurace wa Musulmi. Abin da ya yi ya fi gaba ciwo. In sun haɗu a matakala sai ya tsaya ya yi cikakkiyar gaisuwa. "Malam, ina kwana? Ina gajiya? Ya iyali? Ya aiki? Madalla. A gaida gida." Da ladabi, kamar yana gaida baƙon da ya zo daga wani gari. Malam ya taɓa gwadawa ya ce, "Bawana, ka share ƙofa kuwa?" Alhaji ya ce, "An share, Malam." Ina sama ina ji. Da Malam ya shigo sai ya wuce ɗaki da takalminsa.

Oktoba ta zo, na buɗe ƙofa, ba kabewa, tabarmar goge ƙafa kawai.

Mai Gargaɗi bai ƙara rubutu ba. Mai Lamba ma haka. Wasu suka ce Malam ya yi nasara, har da masu yi masa barka. Matashin nan an ce ya sake bugawa gida ya ce a ba yaran, Allah ya sa haka ne, don in haka ne to akwai ƙafafun da suke tafiya yau saboda rubutun nan. Na sha gaya wa Malam haka. Sai ya ce, "Da na tsaya a hujja." Ɗakin karatun ma ya daina zuwa. Kwafin jaridun suna cikin kwali a saman kabad, ya ce ya gaji da jin muryoyinsu.

Ran Lahadi ina shimfiɗa leda, shi kaɗai. Yaranmu a tebur suke ci da cokali, ka yi musu Hausa su amsa da Turanci, ba su san ana zama a kan kwano ba. Sai ya ci gabansa ya tashi.

Daga baya su Alhaji suka sayi gida suka tashi, ba nisa, amma ni da ba na tuƙi nisa ne. Muna haɗuwa da Hajiya a suna da biki, mu riƙe hannun juna mu daɗe. Takardun yarinyar suka fito bayan shekaru, ta zo ta zama budurwa, kyakkyawa, da ƙarfe a ƙafa da sanduna biyu. A wani taron suna ta biyo layin dattawa tana gaisuwa, ta zo gaban Malam ta sunkuya iya yadda sandunan suka bar ta, ta ce, "Baba, ina wuni?" Ba ta san komai ba. Ya amsa, ya sa mata albarka, ya fita ya zauna a mota har aka tashi.

Ciwon hanta ne ya kwantar da Malam. Bai daɗe ba. Alhaji ya zo asibiti dubiya cikin ayarin mutanen masallaci, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, Malam." Na ga idon maigidana yana bin sa har ƙofa. Da suka fita ya ce mini, "Har yanzu Malam nake." Sai na gyara masa matashi.

Ya rasu da hantsi. Kafin a nemi mai wanka an ce Alhaji ya riga ya naɗe hannun riga. Shi ya wanke shi, shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Gidan mutuwa ba a ɗora tukunya, maƙwabta ke kawowa. Tun ranar farko Hajiya ta zo ta kama kicin ɗina kamar jiya ta bar shi. Ran addu'ar uku ta buɗe kabad ta ɗauko langar, ban ce mata ga inda take ba, ta tafi da ita. Bayan azahar ta dawo da ita a naɗe cikin tawul. Maza sun yi addu'a sun watse, saura Alhaji a falo. Ina ɗaki cikin takaba, ƙofa a ɗan buɗe. Na ji Hajiya ta shimfiɗa leda. Na ji ƙarar murfi, sai ƙamshin taushe ya iso har inda nake, da kabewa a ciki.

Na ji ya yi bisimilla. Ya daɗe yana ci, a hankali. Can sai na ji ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ɗan kabewa, ka ci mana." Daga nan na cusa fuskata cikin mayafi, ban ƙara jin komai ba.

Da ya tafi Hajiya ta shigo da langar ta ajiye a gabana, ta zauna kusa da ni. Ya cinye gabansa tas, har ya suɗe gefen. Ɗaya rabin yana nan yadda aka kwashe shi, bangon tsakiya a tsaye, miya ta fara daskarewa a kansa.